Daga bakin gadon majinyaci zuwa zauren majalisa: tafiyar Cori Bush

Daren Juma'a 30 ga Yulin 2021, 'yan Majalisar Wakilan Amurka suka watse zuwa hutun watan Agusta. Washegari ne wa'adin umarnin hana korar 'yan haya zai cika, umarnin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta kafa tun Satumban 2020 saboda korona. Majalisa ta tashi ba ta sabunta shi ba, fadar shugaban ƙasa kuma ta ce hannunta a ɗaure yake. Yawancinsu suka kama hanyar filin jirgi, amma mace ɗaya ta ƙi tafiya. Ta ɗauko kujera da abin rufa, ta zauna a matakalar ginin majalisar, ta ce ba inda za ta. Nan ta kwana, ta sake kwana, har zuwa Talata 3 ga Agusta, ranar da gwamnatin Joe Biden ta ba da kai, CDC ta fitar da sabon umarni.

Cori Bush ke nan, wakiliyar birnin Sent Luwis na jihar Misuri, wadda a lokacin watanni bakwai kacal ta yi a majalisa. Kafin nan nas ce, kuma fasto ce, kuma tana cikin waɗanda suka yi tsayuwar daka a zanga-zangar titunan Ferguson, wani gari a gefen Sent Luwis. Yanzu ba ta majalisar, domin a 2024 an kayar da ita a zaɓen fidda gwani. Hawanta da saukarta sun cancanci a zauna a dube su da kyau, saboda a ganina ɗabi'ar da ta kai ta kan kujerar ita ce ta buɗe ƙofar da aka bi aka raba ta da ita, kuma ɗabi'ar nan a bakin gadon majinyaci ta koye ta.

An haife ta a Sent Luwis a 1976. Mahaifinta, Errol Bush, ya yi kansila kuma ya yi magajin gari a Northwoods, wani ƙaramin gari a gefen birnin, don haka ta tashi tana ganin yadda ake bin gida gida neman ƙuri'a. Amma rayuwarta ta farko ba ta 'yar gidan siyasa ba ce. Ta yi aikin renon yara a makarantar ƙanana da albashin da bai taka kara ya karya ba. An taɓa korarta daga gidan haya, ta shafe watanni tana kwana a mota da mijinta na lokacin da jarirai biyu. Sai a 2008, tana da shekara talatin da 'yan kai, ta kammala makarantar koyon aikin jinya ta Lutheran, daga baya ta yi aiki a fannin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a unguwannin talakawan birnin.

Akwai labarin da ta bayar da bakinta gaban wani kwamitin majalisa a Mayun 2021 wanda ke nuna inda zafin zuciyarta ya samo asali. Ta ce a cikinta na fari ta yi ta kukan ciwo, likita na cewa ba komai, ta koma gida. Ɗan ya zo bakwaini a mako na 23, nauyinsa rabin kilo da ɗan ɗori. A ciki na biyu naƙuda ta taso a mako na 16, likitan da ke bakin aiki ya ce ta tafi gida ta bar cikin ya zube. 'Yar'uwarta da ta rako ta ce ta ɗauki kujera ta yi jifa da ita a barandar asibitin, sai ga ma'aikata sun sheƙo a guje, aka kira wani likita, aka ɗinke bakin mahaifa, yarinyar ta rayu. Duk wanda yake son fahimtar siyasar Cori Bush ya riƙe wannan kujerar a ransa. Abin da ta koya ranar shi ne, a wasu wuraren, in ba ka yi hayaniya ba gawarka za a fitar. Kuma ba ita kaɗai ba ce: alƙaluman CDC sun daɗe suna nuna cewa baƙar mace a Amurka ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen haihuwa da kusan ninki uku.

Birnin da ta yi wa jinya shi ma majinyaci ne. A 2014 masana daga jami'o'i biyu na Sent Luwis suka fitar da wani bincike kan lafiyar baƙaƙen fata a yankin. Suka gano cewa jaririn da aka haifa a unguwar JeffVanderLou, a arewacin birnin, ana sa ran ya yi shekara 67 a duniya, wanda aka haifa a Clayton kuwa 85. Tazarar shekara 18 ke nan, tsakanin wurare biyu da tafiyarsu ba ta kai mil 10 ba. Akwai wani titi, Delmar, da ya raba birnin kamar an ja layi da wuƙa: kudu da shi fararen fata da gidaje masu daraja, arewa da shi baƙaƙe da kangaye. Dokokin gidaje na wariya da bankunan da suka ƙi ba da bashi a unguwannin baƙaƙe ne suka ja layin, shekaru da dama kafin a haife ta. Tsofaffin arewacin birnin har yau ba su manta da asibitin Homer G. Phillips ba, wanda aka buɗe a 1937 domin baƙaƙen fata, ya horar da ɗimbin likitoci da nas-nas baƙaƙe a zamanin da sauran asibitoci ke rufe musu ƙofa, sannan hukumomin birnin suka rufe shi a 1979 duk da zanga-zangar jama'a.

Nas da ke aiki a irin wannan wuri tana ganin abin da ba ya fitowa a takardar kasafin kuɗi. Tana sallamar mai ciwon suga yau, ya dawo bayan mako uku saboda ba shi da firjin ajiye allurarsa, ko ba shi da gidan ma gaba ɗaya. Tana ba yaro mai asma maganin shaƙa, ta san ɗakin da zai koma jike yake da danshi. Likita na zuwa zagaye ya wuce, ita ce ke zama awa goma sha biyu, ita ake gaya wa cewa an raba ƙwayar magani biyu don ta kai ƙarshen wata. In mutum ya yi shekaru yana share ruwa a tsakar ɗaki, wata rana dole ya ɗaga kai ya dubi rufin. Haka Lillian Wald ta yi a Niyok, wadda ta fara da ziyartar marasa lafiya a gidajen baƙin haure a 1893, ta ƙare tana matsa wa birnin lamba har aka fara sa nas a makarantun gwamnati a 1902. Haka Eddie Bernice Johnson ta yi a Dallas, daga shugabar nas-nas ta sashen masu taɓin hankali a asibitin tsofaffin sojoji zuwa majalisar jihar Texas a 1972, sannan a 1992 ta zama nas ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar tarayya.

Ita Cori Bush, Ferguson ce ta sa ta ɗaga kai. Ranar 9 ga Agustan 2014 ɗan sanda Darren Wilson ya harbe Michael Brown, saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, aka bar gawarsa a kan kwalta kusan awa huɗu jama'a na kallo. Ta je ne a matsayin nas da fasto, don ta duba waɗanda barkonon tsohuwa ya shaƙe da waɗanda firgici ya kama. Ba ta koma gida yadda ta zo ba. Ta ce ta yi sama da kwana 400 a titi. A Nuwamban shekarar aka ƙi gurfanar da ɗan sandan. Amma a Maris na 2015 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta fitar da rahoton da ya gaskata abin da mazauna garin ke faɗa tun da daɗewa: hukumar garin ta mayar da 'yan sanda da kotu hanyar tara kuɗin shiga. Baƙaƙe su ne kashi 67 cikin ɗari na mutanen Ferguson, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota ba daidai ba. Talauci da rashin matsuguni suka sa ta kasa biya a kan lokaci. Aka kama ta sau biyu, ta yi kwana shida a tsare, ta biya dala 550, kuma bayan shekara bakwai ana binta wata dala 541. Irin wannan matar ce ke zuwa asibiti da hawan jini, a tambaye ta ko tana cikin damuwa.

Shiga takara ba ta zo mata da sauƙi ba. A 2016 ta nemi kujerar sanata ta sha ƙasa tun a fidda gwani. A 2018 ta tunkari William Lacy Clay, wakilin birnin a majalisa a lokacin, ya ba ta tazarar kusan kashi 20. Kujerar kuwa tana hannun gidan Clay tun 1969, uba ya yi shekara 32 ya miƙa wa ɗa. Abin da ya kamata a faɗa don adalci shi ne, uban, Bill Clay, shi ma daga titi ya fito: kansila ne a Sent Luwis da aka ɗaure saboda zanga-zangar 1963 a kan wani banki da ya ƙi ɗaukar baƙaƙe aikin ofis, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisa a 1971. Don haka rikicin Bush da Clay rikici ne tsakanin gwagwarmayar da ta tsufa ta zauna a ofis da wadda ƙurar titi ba ta bar ƙafarta ba. Ranar 4 ga Agustan 2020, cikin korona da zafin kisan George Floyd, ta kayar da shi da tazarar kusan kashi uku. A wannan ranar dai masu zaɓe a Misuri suka amince da faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta marasa galihu, abin da majalisar jihar ta yi shekaru tana ƙi. A Nuwamba ta zama baƙar mace ta farko da ta wakilci jihar a Washinton.

Mu koma kan matakala. Masu sukarta sun ce wasan kwaikwayo ne, suka kafa hujja da cewa ranar 26 ga Agusta Kotun Ƙoli ta rushe sabon umarnin, alƙalai shida a kan uku. Kwana 23 kawai ya yi. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba, kuma dalilina daga aikin jinya yake. A ɗakin gaggawa, abin da ake fara yi wa wanda jini ke zuba a jikinsa shi ne a danne wurin. Dannewar ba ta warkar da kowa, lokaci kawai take saya kafin likitan tiyata ya iso. A wancan lokacin majalisa ta riga ta ware kusan dala biliyan 46 don biya wa mutane bashin haya, amma kaso kaɗan ne ya fita daga hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Ga iyalin da takardunsu ke kan layi, makonni uku na iya zama bambanci tsakanin kuɗin ya same su a ɗaki ko ya same su a titi. Macen da ta taɓa haɗa wa jariri madara a bayan mota ta san darajar kwana 23 fiye da wanda ke lissafa su daga ofis.

Sai dai majalisa ba ɗakin gaggawa ba ce, kuma nan ne wahalar ta fara. Wata uku bayan nasarar matakala, ranar 5 ga Nuwamban 2021, aka kawo dokar gina ababen more rayuwa ta dala tiriliyan 1.2, wato hanyoyi da gadoji da ruwa da intanet. An yi alkawari tun farko cewa za ta tafi tare da wata doka ta biyu mai ɗauke da tallafin renon yara da gidaje da kula da tsofaffi. Da aka raba su, 'yan Dimokuraɗiyya shida suka ƙi jefa ƙuri'ar amincewa, har da Bush. Tsoronsu shi ne, in ta farko ta wuce ita kaɗai, ta biyu ta mutu. Haka kuwa aka yi. A Disamba Sanata Joe Manchin ya fito a talabijin ya ce ba zai goyi bayanta ba. Ƙarin tallafin da ake ba iyaye kan kowane yaro ya ƙare a ƙarshen shekarar, kuma ma'aunin talaucin yara na hukumar ƙidaya ya tashi daga kashi 5.2 a 2021 zuwa 12.4 a 2022.

To ta yi gaskiya a hasashenta. Amma ƙuri'ar ta zama ƙaya a ƙafarta, kuma ba zan ce masu jin haushinta ba su da hujja ba. Dokar ta wuce ba da ita ba, 228 a kan 206. A cikinta akwai dala biliyan 15 don cire bututun ruwa na dalma, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma tsohon birni irin Sent Luwis cike yake da su. Akwai aikin yi ga magina da masu walda, waɗanda ƙungiyoyinsu ke da nauyi a zaɓen fidda gwani. Ma'aikacin da ya samu aikin gada ba zai zauna ana yi masa bayanin dabarun majalisa ba. Abin da zai riƙe shi ne wakiliyarsa ta ce a'a. Tarbiyyar jinya tana hana ka musanya majinyaci ɗaya da wani, tana hana ka sa hannu a kan abin da ka san bai wadatar ba. Aikin majalisa kuwa kusan kullum karɓar rabi ne yau da fatan a dawo neman saura gobe. Eddie Bernice Johnson ta koyi wannan haƙurin, ta yi shekara 30 a kujerarta har ta shugabanci kwamitin kimiyya. Bush ba ta koye shi ba, ko kuma ta ga koyonsa cin amanar waɗanda suka aiko ta ne.

Sai Gaza. Ranar 16 ga Oktoban 2023, kwana tara bayan harin Hamas, lokacin da yawancin 'yan jam'iyyarta ke tauna kalmominsu, ta gabatar da ƙudurin neman tsagaita wuta nan take. Mako biyu bayan haka Wesley Bell, babban mai gabatar da ƙara na gundumar Sent Luwis, ya janye daga takarar sanata ya dawo neman kujerarta. Shi ma ɗan Ferguson ne a siyasance: ya zama kansila a garin a 2015, kuma a 2018 ya kayar da Bob McCulloch, mai gabatar da ƙarar da bai gurfanar da Darren Wilson ba. Da ya sake duba shari'ar a 2020, shi ma bai shigar da ƙara ba. Reshen kashe kuɗin zaɓe na AIPAC, ƙungiyar masu goyon bayan Isra'ila, ya zuba kimanin dala miliyan 8.5 don a kayar da ita. Abin lura shi ne tallace-tallacen ba su cika ambaton Isra'ila ba. Ƙuri'ar ababen more rayuwa suka riƙa maimaitawa, da zaman majalisar da ta rasa. Ga kuma binciken da Ma'aikatar Shari'a ta buɗe kan kuɗin kamfen da ta kashe wajen tsaron kanta, har da biyan mijinta, zargin da ta musanta, tana mai cewa barazanar kisa ce ta tilasta mata neman tsaro. A Agustan 2024 Bell ya samu kusan kashi 51, ita kusan 46.

Ana iya jayayya a kan wanne ya fi nauyi, kuɗin waje ko kurakuranta. Ni ina ganin kuɗin ba su ƙirƙiri raunin ba, samunsa suka yi a buɗe suka zuba masa gishiri. Amma tazarar kashi biyar bayan an kashe miliyoyin daloli a mazaɓa ɗaya ta nuna cewa ba ƙaramin tushe take da shi ba, kuma da wuya a ce da an bar mutanen birnin su kaɗai sakamakon zai zama haka. Wannan yana damuna ƙwarai. Majalisar Amurka cike take da lauyoyi da 'yan kasuwa. Waɗanda suka taɓa juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, ko suka taɓa jin ƙarar mai gida yana buga ƙofa, ana iya ƙirga su da yatsu. Duk lokacin da aka nuna cewa ana iya sayen kujerar irin wannan mutum daga nesa, wata nas da ke tunanin fitowa takara za ta sake shawara.

Akwai wani aikinta da kyamarori ba su cika bi ba. Tun 1942 kamfanin Mallinckrodt ya riƙa tace yuraniyom a tsakiyar Sent Luwis don shirin bam ɗin nukiliya na farko. Dattin aka jibge kusa da filin jirgin sama, ya tsiyaya cikin rafin Coldwater, inda yaran unguwannin arewacin gundumar suka yi shekaru suna wasa. A 1973 aka kwashe wani ɓangarensa aka zuba a jujin West Lake. Yaran nan sun girma, sankara iri-iri ta riƙa bayyana a tsakaninsu, iyaye mata suka fara rubuta sunayen maƙwabta da suka rasu, titi bayan titi. Dokar tarayya ta 1990 da ke biyan diyya ga waɗanda gubar nukiliya ta shafa ba ta haɗa da Misuri ba. A kan wannan Bush ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Sanata Josh Hawley, ɗan Rifablikan, mutumin da ta taɓa neman ya sauka daga kujerarsa bayan harin da magoya bayan Donald Trump suka kai ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021. Wanda ya ce sam ba ta iya haɗa kai da abokin hamayya ya duba nan. Inda ta ga majinyaci a fili, ba ta tambayar wa ke riƙe da ɗaya gefen gadon.

Majalisar Dattawa ta amince da faɗaɗa dokar a Maris na 2024, ta Wakilai ta ƙi taɓa ta, wa'adinta ya ƙare a Yuni. Sai a Yulin 2025, wata shida bayan Bush ta bar ofis, diyyar ta samu shiga, aka ba mazauna yankunan da abin ya shafa damar neman dala 50,000 ko kuɗin da suka kashe a magani. An cusa ta ne a cikin babbar dokar haraji da kasafi ta Donald Trump, dokar da ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta za ta zabtare sama da dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma, inshorar da mutanen Misuri suka zaɓi faɗaɗawa a ranar da suka zaɓi Cori Bush. Babu ɗan Dimokuraɗiyya ko ɗaya da ya jefa wa dokar ƙuri'a. Wesley Bell, wanda ya hau kujerar da alkawarin ba zai riƙa cewa a'a ga abin da zai amfani mazaɓarsa ba, shi ma a'a ya ce.